Fin Ƙarfi a Siyasar Duniya: Ƙuri'u Uku da Afirka Ta Kaɗa a Kan Libiya

A ranar 19 ga Maris, 2011, kwamitin da Tarayyar Afirka ta kafa domin shiga tsakani a rikicin Libiya ya zauna a Nuwakshot, babban birnin Murtaniya, da niyyar wucewa Tarabulus washegari. Kwamitin na shugabannin ƙasashe biyar ne, wato Murtaniya, Mali, Kwango Brazabil, Yuganda da Afirka ta Kudu. Tafiyar ba ta yiwu ba, domin a yammacin wannan rana jiragen yaƙin Faransa suka fara ruwan bama-bamai a kan tankokin Gaddafi da ke dab da Bengazi, sararin samaniyar Libiya kuma ya koma hannun waɗanda ke da jiragen da za su iya rufe shi. Shugabannin Afirka suka nemi izinin shiga wata ƙasa ta Afirka, aka hana su, kowa ya kama hanyar gida. Sai bayan mako uku aka bar su suka je, a lokacin da zancen sulhu ya riga ya rasa mai saurare.

Duk sa'ad da irin wannan ya faru, abin da aka saba ji a bakin mutanenmu shi ne cewa duniya kashin dankali ce, babba ya danne ƙarami, kuma duk wata doka da aka rubuta a Majalisar Ɗinkin Duniya takarda ce da ake karanta wa marasa ƙarfi kawai. Na yarda da rabin wannan magana, kuma labarin Libiya ya ishe ta hujja. Amma ɗaya rabin, wato cewa tunda ƙarfi ne ke yanke hukunci to doka ba ta da amfanin komai, shi nake ganin ya fi cutar da mu, domin yana wanke mu daga laifin da muke da shi, yana kuma sa mu yar da ɗan makamin da ya rage a hannunmu. A watan Maris na 2011 akwai rana guda da dokar Majalisar ta ɗora makomar yaƙin Libiya a hannun ƙasashen Afirka uku, cikinsu har da Najeriya, kuma abin da suka yi da wannan dama ya cancanci a riƙa tuna shi fiye da yadda ake yi.

Kafin in kai ga wannan rana, wajibi ne a faɗi gaskiya a kan mutumin da aka kifar, domin har yau a Kano da Damagaram da Agadas akwai masu ambatonsa tamkar waliyyi. Gaskiya ne ya gina masallatai a ƙasashen Afirka da dama, ya kuma zuba kuɗi a Tarayyar Afirka fiye da yawancin takwarorinsa. Amma Mu'ammar Gaddafi da bakin bindiga ya hau mulki a 1969, ya riƙe shi shekara 42 ba tare da ya taɓa tsayawa zaɓe ba, kuma shi kansa ɗan makarantar fin ƙarfi ne. Ya mamaye zirin Awuzu na arewacin Chadi tun farkon shekarun 1970, ya tura sojojinsa can cikin ƙasar, har sai da 'yan Chadi suka fatattake su a Fada da Wadi Dum a 1987. A ranar 19 ga Satumba, 1989, jirgin fasinja na kamfanin UTA da ya taso daga Njamena ya tarwatse a sararin hamadar Tenere ta Nijar, mutum 170 suka mutu, kuma bayan shekara goma wata kotun Faransa ta kama jami'an Libiya shida da laifin. A 1996 an kashe fursunoni kimanin 1,200 a kurkukun Abu Salim. Da zanga-zanga ta ɓarke a Fabrairun 2011, ya fito a talabijin ya kira masu bore ɓeraye, ya yi alkawarin bin su gida-gida, lungu-lungu. Wanda ke zaune a Bengazi a tsakiyar Maris yana jin tankoki na matsowa yana da dalilin jin tsoro, haka ma waɗanda suka tuna yadda duniya ta zuba ido aka yi kisan kiyashi a Ruwanda a 1994 suna da dalilin cewa kada a sake yin shiru.

Ƙuduri mai lamba 1973, wanda Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar ranar 17 ga Maris, ya ba da izinin ɗaukar duk matakin da ya wajaba domin kare fararen hula, ya haramta shawagin jiragen sama a sararin Libiya, ya kuma hana shigar da sojojin mamaya. Sakin layinsa na farko ya nemi a tsagaita wuta nan take, na biyu kuma ya ambaci kwamitin Tarayyar Afirka a matsayin wata hanya ta neman sulhu. Babu inda aka rubuta cewa a kifar da gwamnati. Amma ko wata guda ba a yi ba, a tsakiyar Afrilu, Barack Obama na Amurka da David Cameron na Birtaniya da Nicolas Sarkozy na Faransa suka fitar da maƙalar haɗin gwiwa a jaridu suna cewa babu yadda za a yi tunanin makomar Libiya da Gaddafi a kan mulki. A watan Yuni Faransa ta amsa da bakinta cewa ta jefa wa 'yan tawaye makamai ta sama a duwatsun Nafusa, alhali takunkumin makaman da Kwamitin Sulhu ya ƙaƙaba a Fabrairu yana nan bai tashi ba. Ƙungiyar NATO, wadda ta karɓi ragamar yaƙin a ƙarshen Maris, ta yi sawun jirage fiye da 26,000 cikin wata bakwai, kusan 9,700 daga ciki na kai hari ne. A aikace ta zama rundunar sojan sama ta ɓangare ɗaya. Da 'yan tawaye suka kewaye Sirte suna yi mata luguden wuta, akwai fararen hula a cikinta, kuma da mayaƙan Misrata suka kori dubban baƙaƙen fata mazauna garin Tawarga suka bar shi kufai, su ma fararen hula ne, amma babu jirgin da ya tashi domin kare su.

Da kwamitin Afirka ya isa Tarabulus ranar 10 ga Afrilu, Gaddafi ya ce ya amince da taswirar sulhun da aka kawo masa, wadda ta ƙunshi tsagaita wuta da buɗe hanyar kai agaji da tattaunawar siyasa. Washegari shugabannin tawaye a Bengazi suka yi fatali da ita, saboda ba ta sharɗanta saukarsa tun farko ba. Ba na rantsewa cewa Gaddafi zai cika alkawari, domin ya sha shelanta tsagaita wuta alhali dakarunsa na ci gaba da ɓarin wuta a Misrata. Abin da ke bayyane shi ne, duk wanda jiragen manyan ƙasashe ke yi masa yaƙi ba shi da wani dalilin zama teburin sulhu, kuma waɗanda ke da jiragen ba su taɓa matsa masa ya zauna ba. A ranar 20 ga Oktoba jiragen NATO suka buɗe wa ayarin motocin Gaddafi wuta yana ƙoƙarin ficewa daga Sirte, mayaƙa suka zaro shi da ransa daga cikin wani bututun magudanar ruwa, suka kashe shi. Sakatariyar harkokin wajen Amurka ta lokacin, Hillary Clinton, ta ji labarin a gaban kyamara ta ce cikin dariya, "Mun zo, mun gani, ya mutu."

Ana iya ganin hannun fin ƙarfi tun a wajen zaɓen wanda za a hukunta. Kwana uku kafin a zartar da ƙudurin Libiya, sojojin Saudiyya da 'yan sandan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka tsallaka zuwa Baharain domin taimaka wa sarautar ƙasar ta murƙushe masu zanga-zanga, kuma Kwamitin Sulhu bai zartar da komai ba, domin a Baharain ne Rundunar Ruwa ta Biyar ta Amurka take da mazauni. A watan Fabrairu, lokacin da Kwamitin ya miƙa batun Libiya ga Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, Amurka da Rasha da Sin duk sun kaɗa ƙuri'ar amincewa, alhali babu ɗaya daga cikinsu da ta yarda kotun ta yi hurumi a kanta, har ma aka saka wani sakin layi a ƙudurin da ya keɓe jami'an irin waɗannan ƙasashe daga hannun kotun. Wasu na taƙaita komai a kan man fetur, tunda Libiya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikin mai da aka tabbatar. Ni ban gamsu da wannan bayani shi kaɗai ba, domin kamfanonin Turai da na Amurka suna haƙar man tun kafin yaƙin, da yardar Gaddafi. Abin da na fi gani shi ne cewa an far wa Libiya ne saboda ana iya far mata ba tare da an ji jiki ba: mutanenta kimanin miliyan shida ne, yawancinsu a bakin teku, sojanta ya raunana, kuma ba ta da wani babban ubangida da zai tsaya mata.

Rauninta kuwa ita ta saye shi da hannunta. A watan Disamba na 2003, bayan mamayar Iraƙi, Gaddafi ya sanar da watsi da shirinsa na makaman ƙare-dangi, aka kwashe kayan shirin nukiliyarsa zuwa Amurka, tun a watan Agusta kuma ya riga ya amince da biyan diyyar dala biliyan 2.7 ga iyalan waɗanda suka mutu a harin bam da aka kai wa jirgin fasinja a sararin Lokabi na Birtaniya a 1988. Sakayyar da ya samu ita ce karɓuwa. Firaministan Birtaniya Tony Blair ya je ya same shi a tantinsa a 2004, Amurka ta cire Libiya daga jerin masu ɗaukar nauyin ta'addanci a 2006, kuma a Disambar 2007 Sarkozy ya karɓe shi a birnin Paris, inda aka kafa masa tantinsa na Larabawan hamada a lambun gidan saukar baƙi na gwamnati, ƙofa da ƙofa da fadar shugaban ƙasa. Shekara uku da 'yan watanni bayan haka, jiragen wannan Sarkozy ne suka fara jefa bam. Koriya ta Arewa, wadda ta gwada makaminta na nukiliya na farko a 2006, ta fito tun a Maris na 2011 ta ce abin da ya sami Libiya shi ne sakamakon ajiye makami, kuma tun daga lokacin babu wata tattaunawa da ta iya ɓamɓare wannan darasi daga zukatan shugabanninta. Waɗanda suka kifar da Gaddafi sun koya wa kowane shugaba mai tsoron makomarsa cewa alkawarin manyan ƙasashe ba ya kare wanda ya miƙa wuya.

Sai kuma batun wanda ya biya kuɗin ɓarnar, kuma a nan ne labarin ya shigo gidajenmu. Libiya ce ta kasance wurin ci-rani na dubban matasan Nijar da Chadi da arewacin Najeriya, masu aikin gini da gadi da lambu da kiwo, kowannensu da gida guda ko biyu da ke jiran aikensa a ƙauyukan Tawa da Damagaram. Da yaƙi ya ɓarke, aka riƙa kallon kowane baƙar fata a matsayin sojan hayar Gaddafi, aka kama wasu, aka kashe wasu, sauran suka bazama cikin hamada. Duk wanda ya ga hotunan wannan lokaci zai tuna manyan motocin da ke shigowa Dirku da Agadas, an lafta musu katifu da buhuna har ba a ganin jikin mota, jarkokin ruwa na reto a gefe, mutane kuma a zaune can ƙoli da rawuna a fuska saboda ƙura. Rahoton tawagar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura yankin ya ambato ƙiyasin gwamnatoci cewa kimanin mutum 200,000 suka koma Nijar, 150,000 kuma suka koma Chadi. Sun dawo hannu rabbana, kuma suka tarar da damina ba ta yi kyau ba a wannan shekara, wato bakin da za a ciyar ya ƙaru a daidai lokacin da aike ya yanke.

A bayan 'yan ci-rani kuma sai makamai suka biyo. An bar rumbunan makaman Gaddafi a buɗe babu mai gadi, kuma kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bi sawunsu zuwa ƙasashe fiye da goma. Abzinawan da suka yi aiki a sojan Libiya suka koma arewacin Mali da motoci da manyan bindigogi, tawaye ya tashi a Janairun 2012, kuma a ranar 22 ga Maris sojoji a Bamako suka kifar da Amadou Toumani Touré, ɗaya daga cikin shugabanni biyar ɗin nan da aka hana zuwa Tarabulus shekara guda kafin nan. Cikin kwanaki kaɗan Kidal da Gao da Tumbutu suka faɗi. A ranar 23 ga Mayu, 2013, aka kai tagwayen hare-haren ƙunar baƙin wake a barikin soja na Agadas da ma'adinin yuraniyom na Arlit, kuma Shugaba Mahamadou Issoufou ya ce daga kudancin Libiya maharan suka fito. Idriss Déby na Chadi ya tsaya a wani taro a Dakar a Disambar 2014 ya faɗa wa Turawa a fuskarsu cewa NATO ta gama aikinta ta tafi ba tare da ta waiwayi abin da ta bari ba, kuma a Afrilun 2021 shi kansa ya rasa ransa a fagen daga da 'yan tawayen da suka tsallako daga Libiya. Kada dai a ɗora wa NATO abin da ba nata ba. Tawayen Abzinawa a Mali ya girmi 2011 da shekaru kusan hamsin, Boko Haram ta ɗauki makami tun 2009, kuma sakacin gwamnatocinmu da rashin adalcinsu su ne suka tanadi busasshen itacen. Rushewar Libiya fetur ta zuba a kai.

Ita Libiya kanta ta dare gida biyu tun 2014, gwamnati a Tarabulus, wata a gabas ƙarƙashin inuwar Khalifa Haftar. A 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna yadda ake gwanjon 'yan Afirka kamar awaki a kusa da Tarabulus. Zaɓen da aka sa ranar 24 ga Disamba, 2021, bai yiwu ba, kuma a Satumbar 2023 madatsun ruwa biyu da aka yi shekaru ba a gyara ba suka ɓalle a kan birnin Darna, dubban mutane suka halaka a dare ɗaya. A 2016 Obama ya ce rashin shirya wa abin da zai biyo bayan faɗuwar Gaddafi shi ne kuskure mafi muni na mulkinsa, kuma a wannan shekarar wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya yanke cewa an zuzuta barazanar da ke kan fararen hula, sannan aikin ya zame daga kariya ya koma sauya gwamnati. An rubuta rahoto, an yi nadama a hira da 'yan jarida, maganar ta ƙare a nan. Babu wanda ya gurfana, babu wanda ya biya diyya ga ko mutum ɗaya a Gao ko Agadas.

To yanzu mu koma ranar 17 ga Maris. Kwamitin Sulhu kujeru 15 gare shi, kuma ƙuduri ba ya wucewa sai ya sami ƙuri'a tara, ba tare da ɗaya daga cikin manyan ƙasashe biyar ta hau kujerar na-ƙi ba. Ƙuduri na 1973 ƙuri'a goma ya samu. Rasha da Sin da Jamus da Indiya da Brazil duk sun ƙaurace. Cikin goman nan da suka ɗaga hannu akwai Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon. Lissafin ba shi da wuya: da biyu kawai daga cikin ukun sun ƙaurace, da ƙuri'a takwas ta rage, da ƙudurin ya faɗi ba tare da kowa ya hau kujerar na-ƙi ba. Abin da ya ƙara wa al'amarin ɗaci shi ne, mako guda kafin nan, ranar 10 ga Maris, Kwamitin Zaman Lafiya da Tsaro na Tarayyar Afirka ya fitar da matsaya yana ƙin duk wani katsalandan na sojan ƙetare a Libiya ko wane iri ne. Wakilan Afirka a New York suka kaɗa ƙuri'ar da ta saɓa wa matsayar Afirka a Addis Ababa. Daga baya shugaban Afirka ta Kudu na lokacin, Jacob Zuma, ya riƙa kokawa cewa an wuce gona da iri wajen aiwatar da ƙudurin, amma wanda ya sa hannu a kan izinin ɗaukar duk matakin da ya wajaba, ya miƙa shi ga masu jiragen yaƙi, ba tare da wa'adi ba kuma ba tare da mai sa ido ba, bai kamata abin da ya biyo baya ya zo masa da mamaki ba.

Na san amsar da za a ba ni, cewa ko da ƙudurin ya faɗi da sun kai harin, kamar yadda NATO ta yi a Kosobo a 1999, kamar kuma yadda Amurka da Birtaniya suka yi a Iraƙi a 2003, yaƙin da Kofi Annan ya ce ya saɓa wa dokar Majalisar. Wannan mai yiwuwa ne, kuma babu mai iya rantsewa a kan abin da bai faru ba. Amma a duba yadda suka yi ta faɗi-tashi kafin su sami wannan takarda. Sai da suka jira Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa ta nemi a rufe sararin Libiya ranar 12 ga Maris, sai da suka bi ƙananan ƙasashe da waya suna neman ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya. Obama ya hau mulki ne a kan sukar yaƙin Iraƙi, kuma shiga wani yaƙin a ƙasar Musulmi ba tare da amincewar Majalisar ba zai yi masa tsada a gida da waje. Mai ƙarfi yana neman hatimin doka ne domin hatimin na rage masa kuɗin yaƙi, yana kawo masa abokan tafiya, yana kuma rufe bakin 'yan adawarsa. Duk abin da mai ƙarfi ke nema a hannunka kuwa yana da farashi, kuma ana iya ciniki a kansa. Ko cin amanar ƙudurin ma bai tafi a banza ba: Rasha da Sin, da suka ga yadda aka yi da ƙauracewarsu, sun hau kujerar na-ƙi a kan Siriya a Oktoban 2011 da Fabrairun 2012 da sau da dama bayan nan, sai ya zama fararen hular Siriya sun biya wani kaso na bashin da aka ci a Libiya.

Tarihin yankinmu ma ya nuna inda doka ke ci da inda ba ta ci. A 1986 Kotun Duniya ta yanke cewa Amurka ta karya doka da ta dasa nakiyoyi a tashoshin ruwan Nikaragwa ta kuma ɗauki nauyin 'yan tawayen ƙasar. Amurka ta yi kunnen ƙashi, kuma da aka kai maganar Kwamitin Sulhu ta hau kujerar na-ƙi. Amma wannan kotun ce a Fabrairun 1994 ta ce zirin Awuzu na Chadi ne, kuma kafin ƙarshen Mayu Gaddafi ya janye sojojinsa a gaban masu sa ido na Majalisar. Ita ce kuma a 2002 ta ba Kamaru yankin Bakasi, Najeriya da ta fi Kamaru yawan jama'a da ƙarfin soja ta haɗiye takaicinta ta miƙa yankin a 2008. Masu cewa doka ba ta kama manya suna da gaskiya a kan Nikaragwa. Sai dai mu ba manya ba ne, kuma yawancin rigingimun da za su iya cinye mu tsakaninmu da maƙwabta suke. A irin wannan mataki doka ta kawo ƙarshen rigimar da aka yi shekara ashirin ana zubar da jini a kanta, ta kuma hana wata ta zama yaƙi.

Shi ya sa nake jin tsoron wata ɗabi'a da ta yaɗu tsakanin matasanmu a shafukan sada zumunta, ta yi wa duk mai ƙarfin da ya taka doka tafi muddin dai abokin gabar Yamma ne. Yukren ta miƙa makaman nukiliyar da ta gada daga Tarayyar Sobiyet bisa yarjejeniyar Budapest ta 1994, wadda Rasha da Amurka da Birtaniya suka sa wa hannu suna alkawarin mutunta iyakokinta. Rasha ta ƙwace Kirimiya a 2014, ta kuma afka wa ƙasar gaba ɗaya a Fabrairun 2022. Wanda ya yi kukan abin da aka yi wa Libiya sannan ya yi guɗa a kan wannan, bai ƙi fin ƙarfi ba, ubangida kawai ya sauya. A Libiyar ma, lokacin da Haftar ya tasar wa Tarabulus a 2019, sojojin hayar Wagner na Rasha da jirage marasa matuƙa na Daular Larabawa suna bayansa, Turkiyya kuma tana bayan ɗaya ɓangaren, kowa na keta takunkumin makaman da har lokacin bai tashi ba. Ƙasar da iyakokinta dogaye ne, sojanta kaɗan, ƙarƙashin ƙasarta kuma cike da yuraniyom ko zinariya ko mai, ita ce ta ƙarshe da ya kamata ta so duniyar da kowa zai ɗauki abin da hannunsa ya kai.

Mu ma kanmu da mudun ƙarfi muke awo idan dama ta zo hannunmu. A Janairun 2017 dakarun ECOWAS sun shiga Gambiya suka tilasta wa Yahya Jammeh sauka, domin ƙasar ƙarama ce kuma Senegal ta kewaye ta. A 2023, bayan sojoji sun tsare shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, wanda shi ma fin ƙarfi ne tsagwaronsa, ƙungiyar ta ba da wa'adin mako guda tana barazanar amfani da soja. Wannan karon barazanar ba ta tabbata ba. Majalisar Dattawan Najeriya ta nemi a bi hanyar siyasa, sarakuna da malamai suka yi ta kai-kawo zuwa Yamai, Aljeriya da Chadi suka nuna ba sa tare da yaƙi, kuma kusan duk wanda ya buɗe baki a Sakkwato ko Katsina ko Maiduguri sai ya ambaci Libiya. Amma an yanke wutar lantarki, an rufe iyaka, kuma har zuwa Fabrairun 2024 da aka ɗage takunkumin, 'yan kasuwar Illela da Ƙonni da Jibiya da Maraɗi da marasa lafiyar da ke jiran magani su ne suka ɗanɗana kuɗarsa, sojojin da aka yi dominsu kuwa suna nan daram.

Tun 2005, a matsayar da aka cimma a Ezulwini, Afirka take neman kujeru biyu na dindindin masu ikon na-ƙi a Kwamitin Sulhu. Buƙatar halas ce, sai dai gyaran kundin Majalisar ba ya tabbata sai dukkan ƙasashe biyar ɗin nan sun amince, wato sai masu gata sun yarda a rage musu gata. Kujeru uku da ake karɓa-karɓa kuwa suna hannunmu kowace shekara, Najeriya ta sake zama a kai a 2014 da 2015, Nijar kuma a 2020 da 2021. Ƙuduri na 1973 ba shi da ranar ƙarewa, saboda haka da aka ga an kauce hanya babu yadda za a dakatar da shi sai da sabon ƙuduri, wanda Amurka ko Birtaniya ko Faransa za su iya kashewa da ƙuri'a ɗaya, kuma ba a soke izinin ba sai bayan mutuwar Gaddafi. Da wakilan Afirka uku sun tsaya tare sun ce ba za su ɗaga hannu ba sai an sa wa'adin kwana talatin da za a dawo a sabunta, sai an bar kwamitin Tarayyar Afirka ya isa Tarabulus kafin bam na farko, sai kuma an saurari Nijar da Chadi da Mali waɗanda wutar za ta fara lasa, da waɗanda ke neman ƙuri'a tara sun zauna an yi ciniki, domin a wannan daren ba su da inda za su samo ta tara ɗin in ba a wurinsu ba.